Google Earth a ajin labarin ƙasa: yadda na same shi

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Ƙofar Ƙaura, Katsina, kuma yaran da suka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu da wuya su gane tsaunukan Alps daga zanen allo. Shi ya sa na koma Google Earth, manhajar da ke nuna hoton doron ƙasa daga sama, a wayata.

Corippo na nuna musu, wani ƙauye a kwarin Verzasca, jihar Ticino ta ƙasar Suwizalan, inda ake jin Italiyanci. Da na karkata hoton sai ga gidajen dutse manne da gangaren tsauni, rufinsu ma na falalen dutse ne, daji ya kewaye su, ga tafkin Vogorno a ƙasa. Nan manhajar ta burge ni, domin kana ganin gangaren ka san babu filin noman kirki. A 1850 mutanen garin sun kusa 300, amma ƙaura ta kwashe su har suka koma ƙasa da 20, ya zama ƙaramar hukuma mafi ƙarancin jama'a a ƙasar. A 2020 aka haɗe shi da maƙwabtansa cikin sabuwar ƙaramar hukumar Verzasca. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai gidanmu ya fi garin nan mutane!" Ban musa ba.

Manhajar kyauta ce, amma ka tanadi data, kuma adadin jama'a ka shirya shi tun daga gida, hoto ba ya ƙirga mutane. In da hali a buɗe ta a kwamfuta, don yara sittin ba sa gani a fuskar waya ɗaya.