Keto ko abincin Bahar Rum ga mai ciwon tsokar zuciya

Keto dai sitaci ake yankewa zuwa ƙasa da giram 50 a rana, sai mai da kitse, hanta ta koma yin ketone, wato makamashin da take samarwa daga kitse. Kuma gaskiya zuciyar da ta yi rauni tana iya ƙona ketone ɗin, amma fa kwanakin farko fitsari kamar me, gishiri da fotashiyam suna bin sa, in kana shan maganin fitar da ruwa bugun zuciya zai iya rikicewa, ga kolestorol yana hawa a jikin wasu. Na Bahar Rum kuwa kifi ne, man zaitun, wake, ganyayyaki, ba wani tashin hankali. Ni kam shi zan ɗauka, keto sai dai in likita na bibiyar jinina.