Fentin mota a garejin ƙaramin gari: me kuɗinka ke saya, me hannunka zai iya yi

Wannan bita ce ta aikin masu fentin mota da ake samu a bayan tasha a garuruwa irin su Ringim, Gumel, Wudil, Bichi ko Haɗeja: rumfar kwano ko inuwar darbejiya, kwamfuresa ɗaya, janareta, maigida da yara biyu ko uku. Hannun da ke riƙe bindigar fenti a irin waɗannan wurare yawanci ya ƙware. Aikin yana lalacewa ne daga ƙarƙashi, wajen wanki da guga da fila (man cike lotsawa) da firama (shafen farko da launi ke kamawa), domin nan ne ake barin yara su yi yadda suka ga dama, nan ne kuma ake rage kaya idan ciniki ya yi tsauri. Wannan sashen kuwa mai mota zai iya karɓar mafi yawansa ya yi a ƙofar gida.

A fara da irin fentin, don shi ke yanke kuɗi. Iri uku ne ke yawo a kasuwa. Akwai selulos, mai bushewa nan take ba tare da hadina ba, wato sinadarin da ke sa fenti ya ƙanƙare. Ya fi kowanne araha, amma ranar bazara tana kashe shi da wuri, sai ka ga rufi da bonat sun yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Akwai wanda masu fenti ke kira Autocryl, wato fenti mai hadina wanda launi da ƙyalli ke cikin gwangwani ɗaya. Sai Autobase, wanda ake fesa launi tukuna, sannan a rufe shi da kiliya, wato shafe mai ƙyalli marar launi. Duk launin da ke da walƙiyar ƙarfe a ciki, irin su silba da ruwan gwal, dole Autobase ne. Ga motar haya fara ko mai launi ɗaya da ke zirga-zirgar cin kasuwa, Autocryl ya fi dacewa da garejin fili: shafe biyu ya isa, ƙura ba ta samun lokaci mai yawa ta sauka, kuma idan ta sauka ana iya gogewa a yi folish. Autobase da kiliya mai arha shi ne zaɓi mafi muni, domin kiliyar ce ke fara saɓulewa daga rufi, kuma ba ta faciwa sai an goge fanel ɗin gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Kada ka yarda da ciniki na dunƙule, wato "kawo kaza in yi maka komai". A raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Kusan duk kayan fentin mota daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin da maƙwabcinka ya biya bara ba shi ne na yau ba. Abin da bai canzawa shi ne adadin kayan. Ga mota ƙarama irin Golf 3, Vectra ko Corolla, fentin waje kawai ba tare da canza launi ba, ga abin da za ka kai wa mai shago a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano ya sa maka farashi: fila kilo 1 zuwa 2, firama mai hadina lita 2, Autocryl lita 3 zuwa 4 da hadinarsa, ko kuma Autobase lita 3 da kiliya lita 2 zuwa 3 da tata hadinar, tina (ruwan tsinka fenti) mai kyau lita 4 da wata mai arha ta wanke bindiga, salatif na takarda naɗi 6 zuwa 8, sai sanfefa, kamar falle goma-goma na lamba 80, 180 da 320, da falle sha biyar na 600 ko 800 (ƙaramar lamba ta fi kaushi). Sharon za ta ci ƙarin kusan rabin wannan. Launi da kiliya su ne masu nauyi a lissafin, kuma ja da launuka masu walƙiya sun fi fari tsada. Sai kuɗin da ake mantawa: fetur ɗin janaretan da zai ja kwamfuresa, da kwanakin da motar za ta yi ba ta kawo balas.

Kafin ka tafi sayen launi, ɗauki lambarsa daga jikin motar. A Toyota tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR, misali 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 silba. A Volkswagen duba cikin but kusa da safayar taya, lambar tana farawa da L. Idan an taɓa sake wa motar fenti, cire murfin tankin mai ka tafi da shi a haɗa da ido. Ka sayi hadina da tina na kamfani ɗaya da fentin, ka kuma tabbata ba a taɓa buɗe gwangwanin hadinar ba, domin tana shan danshin iska ta lalace.

Yanzu aikin gida. Wanke motar da Omo da ruwa mai yawa, har cikin madigadi da ƙasan ƙofofi inda taɓon fadama ke maƙalewa ya riƙe danshi. Wannan ne kaɗai lokacin da Omo ya halatta a jikin mota. Daga nan ka cire duk abin da ke ciruwa: fitilu, madubi, lamba, hannun ƙofa, bamba, robobin gefe. Ka zuba kusoshin kowane sashe a ledarsa daban. Mai fentin da ke sauri liƙe waɗannan yake yi da salatif, kuma daga bakin robar nan fenti ke fara ɓarewa, saboda sanfefa ba ta taɓa shiga wurin ba.

Gwaji biyu kafin guga. Jiƙa tsumma da tina ka danna a wani ɓoyayyen wuri na minti ɗaya. Idan launin ya narke ya biyo tsumman, tsohon fentin selulos ne ko wani mai arha, kuma sabon fenti zai tayar da shi ya yamutse. Sai dai a goge shi duka, ko a sa firamar da ke raba tsakani. Na biyu, bi jikin motar da maganaɗisu da ka naɗe a ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da tsohuwar fila mai kauri. Motocin da suka sha hannu suna da irin wannan a madigadin baya da ƙasan ƙofa, kuma gara a tono ta yanzu.

Tsatsa ita ce babbar matsalar motocin karkara, kuma ba ruwan sama ne kaɗai ke kawo ta ba. Buhun takin zamani, gishiri, fitsarin tumakin da ake kaiwa Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a, duk suna cin ƙasan but da dandamalin mota daga ciki. Ɗaga kafet ka duba. Tsatsar sama a goge ta da buroshin ƙarfe da sanfefa 80 har ƙarfe ya fito fari, a wuce iyakarta da kamar yatsu biyu. Inda ta huda, aikin mai walda ne: a yanke, a sa sabon ƙarfe. Toshe rami da fila da guntun raga ko kwali asarar kuɗi ce, damina ɗaya za ta kumburo. Manyan lotsawa ma ba naka ba ne, na fanel-bita ne, ya buga su fito har saura kaɗan.

Fila ita ce inda aka fi yin ɓarna, saboda haka a dakata a kanta. Ana shafa ta ne a kan ƙarfen da aka goge da 80, ba a kan fenti mai santsi ba. Hadinarta, jan man nan da ke cikin ɗan tubu, kashi 2 zuwa 3 ce cikin ɗari: fila kamar girman ƙwan kaza, hadina kamar ƙwayar gyaɗa. Idan ta yi yawa, daga baya tabon rawaya zai fito ta cikin farin fenti. Idan ta yi kaɗan, filar ba za ta ƙanƙare ba, sai ta riƙa cushe sanfefa. A kwaɓa a kan faranti ko guntun gilashi, ba kwali ba, a riƙa dannawa ana shimfiɗawa, kada a juya kamar kunu domin iska na shiga ta bar ƙananan ramuka. A yanayi mai sanyi kana da kamar minti biyar kafin ta fara kamawa, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba za ka samu haka ba, don haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa kwaɓawa, a inuwa. Kauri kada ya wuce milimita 3. Bayan minti 20 zuwa 30 a goge da 80, a bi da 180, a naɗe sanfefar a jikin katako mai lebur, domin tafin hannu yana bin kwari ne maimakon ya daidaita shi. Abin da yaran gareji suka fi yi, kuma ya fi komai illa, shi ne gugar fila da ruwa. Tana shan ruwan, ƙarfen ƙarƙashi ya yi tsatsa, bayan 'yan watanni ƙuraje su feso a jikin sabon fenti. Fila a bushe ake gugarta, da takunkumi a hanci.

Sauran jikin da tsohon fentinsa ke da lafiya ba ya buƙatar a kai shi ƙarfe. A kashe ƙyallinsa da 320, ko'ina, har lungun da hannu ke ƙyamar shiga. Duk inda ya rage yana sheƙi, sabon fenti ba zai kama ba. Gefen wuraren da aka tono a lallaɓa shi ya sauka a hankali, yadda idan ka shafa da ido a rufe ba za ka ji gaɓa ba. Ƙarfen da aka buɗe kada ya kwana tsirara, musamman da damina. Gwangwanin firama na feshi ya isa ya rufe ƙananan wurare. Kada a kusanto da jan fentin nan da ake shafa wa ƙyauren ƙarfe da tagogi, na mai ne, tina za ta tayar da shi.

A nan aikinka ya tsaya na ɗan lokaci. Feshin firama da launi na mai fenti ne, kuma akwai dalilin lafiya a ciki: hadinar fenti tana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Bayan firamar ta kwana, kana iya karɓar gugar ƙarshe. A watsa mata baƙin fenti sama-sama, a goge da 600 ko 800 da ruwa. Inda baƙin ya rage, akwai kwari ko ƙarzuwa. A bar motar ta bushe sarai, a hura iska a duk tsaga.

Ranar feshi ka kasance a wurin, ka lura da abubuwa kaɗan. A buɗe ƙasan tankin kwamfuresa a zubar da ruwan da ya taru, kuma a sami matatar ruwa a kan tiyo, in ba haka ba ruwan zai biyo iska ya shiga fenti. Ƙaramin tanki mai lita 50 ba ya riƙe iskar da za ta zagaye mota, ƙarfin yana sauka a tsakiyar rufi, fentin ya fito da gurzi-gurzi kamar ɓawon lemo. A auna hadina da kofin awo bisa abin da ke rubuce a gwangwani, yawanci biyu da ɗaya ga launi da kiliya, huɗu da ɗaya ga firama, ba da ƙiyasin ido ba. A goge jikin da ruwan cire maiƙo, ba gas ko kananzir ba, kuma kada wani ya fesa man goge dashbod a kusa, domin shi ke sa fenti ya yi ƙananan idanu. A yayyafa ruwa a ƙasa. A bar kamar minti goma tsakanin shafe da shafe.

Lokaci ma kuɗi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin fentin fili ya fita tsaf. A bazara ƙarfe yana yin zafin da fenti ke bushewa tun kafin ya kwanta, sai da hadina da tina masu jinkiri, kuma da sassafe. Tsakiyar damina akwai danshi da ƙwari. Oktoba zuwa farkon Nuwamba, tsakanin ƙarfe bakwai da goma na safe, shi ne lokacin garejin fili.

To, ya cancanci a kai mota Kano a yi mata fentin oben, wato a rufaffen ɗakin gasa fenti? Ɗakin yana tare ƙura yana kuma gasa fentin a zafin kusan digiri 60, kuma ga baƙar mota ko mai walƙiya da ake son sayarwa, bambancin yana fitowa. Amma oben ba ya gyara fila da aka goge da ruwa. Wanda ke Haɗeja, ga tafiyar kusan kilomita 200, ga kwana a birni, ga rashin sa ido a kan aikin, farar motar hayarsa ba za ta mayar masa da wannan kuɗin ba.

Wajen biya, ka tambayi mai fentin ya nuna maka motar da ya yi bara, ba ta jiya ba, ka duba rufinta da bakin robobinta. Ku yi magana tun farko cewa kai za ka yi wanki da guga, a rage kuɗin hannu daidai da haka. Wasu za su ce to ba ruwansu idan ya ɓare, kuma suna da gaskiya, sai ku yarda ya duba aikinka kafin firama. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, sauran sai ka ga motar a hasken rana. Ragowar launi naka ne, ka karɓa don faci. Canza launi kuwa yana ƙara kaya da aiki sosai, domin sai an bi cikin ƙofofi da but da ƙarƙashin bonat, sannan dole a gyara launin a takardun mota a ofishin lasisi, in ba haka ba za ka sha tambaya a hanya.

Bayan an gama, kada a rufe ta da tamfol a makon farko, zai kwanta a jikin fentin. Wanki da ruwa zalla da tsumma mai laushi, kashin tsuntsu a wanke shi nan take, man folish kuma a jira wata guda.