Babban mashin na dogon zango da goyo: wanne ne ya dace da hanyoyin Sakkwato?

Mai neman babban mashin yakan fara da tambayar girman inji, alhali idan tafiyar da goyo ce, na baya ne alƙali. Daga Sakkwato zuwa Gusau kilomita 200 ne da 'yan kai. Idan kujerar baya siririya ce, tun kafin Talata Mafara uwargida ta fara gyara zama, kuma duk motsin da ta yi sai kan mashin ya amsa. Manyan mashina huɗu za mu duba, sabbi ko 'yan Kwatano, kuma ba hanya ɗaya aka ƙera su dominta ba.

Honda Gold Wing ba ta da na biyu wajen daɗin zama. Injinta silinda shida ne, cc 1,833, ba ya jijjiga, kujerar na baya kuma kamar ta falo take, da majingina. Tsayin kujerar direba milimita 745 ne, don haka ko gajeren mutum yana kafa ƙafa biyu a ƙasa. Tana da giyar baya, kuma ba ado ba ne, domin nauyinta ya doshi kilo 390. Matsalar tana ƙarƙashi: tsakanin cikinta da ƙasa milimita 130 ne kacal. Da mutum biyu da kaya, tudun rage gudu irin na cikin garuruwan kan hanya sai ka ji ta karta. Inda kwalta ta yanke aka ratse cikin yashi, kamar yadda ake yi duk inda ake aikin hanya, idan ta kwanta sai an kira mutanen gari. Ga matatar iskarta a binne ƙarƙashin robobi. Canza ta aikin sa'o'i ne, a ƙasar da ƙurar hunturu ke toshe matata tun kafin lokacin da littafin mashin ya faɗa. Tayar bayanta inci 16 ce mai faɗin milimita 200, wadda sai dai a aiko daga Legas ko Abuja. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Sakkwato zuwa Argungu da Birnin Kebbi ba zai ji daɗinta. Mai bin Jega, Yawuri da Kwantagora ya sake tunani.

BMW R 1250 GS Adventure ita ce ake sha'awa, kuma da dalili. Tankinta lita 30 ne. Da goyo, idan lita ɗaya ta ba ka kilomita 17 zuwa 19, za ka wuce kilomita 500 kafin ka nemi gidan mai, wato ba ruwanka da 'yan bumburutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: famfon mai na waɗannan mashinan a cikin tanki yake, man jarka mai ruwa ko yashi kuma shi yake fara kashewa, sai mashin ya riƙa shaƙewa a kan gudu. Tsarin gabanta ba ya nitsewa sosai idan aka kama birki, saboda haka hular na baya ba ta ƙwanƙwasar taka a kowane shingen jami'an tsaro. Sai dai tsayi. Kujerarta milimita 890 zuwa 910 ce, nauyi kilo 268 da cikakken tanki. Lokacin hawan na baya shi ne haɗarin: ya taka matakin hagu, nauyinsa duka ya rinjayi gefe ɗaya, kai kuma da kan yatsu kake taɓa ƙasa. Kuma mashin ce mai son kwamfuta. Bakaniken da ya goge a kan Bajaj da Kasea na 'yan kabu-kabu, duk ƙwarewarsa, fitila ɗaya ta kama a allo sai ya tsaya yana kallo.

Honda Africa Twin Adventure Sports, cc 1,084 da tankin lita 24.8, ta fi kowacce iya mummunar hanya, musamman mai tayar gaba inci 21. Amma kujerarta siririya ce a baya, kuma da sarƙa take tafiya. Ga mutum ɗaya ba laifi, ga biyu a zango mai nisa na ajiye ta a ƙarshe.

Batun sarƙar nan yana bukatar a tsaya a kansa. Ƙura da man shafawa idan suka haɗu sun zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoranta tare, don haka duk kilomita 500 ko ƙasa da haka sai an wanke an shafa. Abin da ya fi wannan muni shi ne tufafinmu. Bakin dogon hijabi, ko gefen babbar riga, idan iska ta kaɗa shi ya shiga sarƙa ko waya-wayar taya, fizge mutum yake yi ƙasa nan take. Gold Wing, GS da Yamaha da za mu zo kanta duk da sandar ƙarfe rufaffiya suke juya tayar baya, wannan ya rage haɗarin amma bai kawar da shi ba. A tattare hijabin a cusa cikin jaket, a sa wando ƙarƙashin zani, a zauna ƙafa ɗaya kowane gefe. Zaman gefe guda a kan mashin mai irin wannan gudu ganganci ne.

Zaɓina Yamaha Super Ténéré 1200 ce, duk da ba ta da kwarjinin BMW. Cc 1,199, tanki lita 23, nauyi wajen kilo 260, kujera ana sauke ta zuwa milimita 845. Wurin na baya shimfiɗaɗɗe ne da mariƙai manya. Tayoyinta marasa tub ne, 110/80 inci 19 a gaba, 150/70 inci 17 a baya, girman da ya fi sauƙin samu. Ƙusa ta shiga, ka toshe a bakin hanya ba tare da kwance taya ba. Ba a duba bawul ɗinta sai wajen kilomita 40,000, ninki biyu na tazarar BMW. Aibinta: tana da nauyin kai a cikin gari, kuma lagiretonta a gefen hagu yake, a go-sulo ɗin Kasuwar Daji cikin Afrilu ƙafar hagu za ta ba da labari. A nemi ta 2014 zuwa sama. Na farko-farko, 2010 zuwa 2013, an san su da matsalar abin da ke ɗaure sarƙar cikin inji. Alamarsa ƙarar kacau-kacau ta 'yan daƙiƙoƙi idan aka tayar da safe. A tayar da ita da sanyin inji kafin a biya kuɗi, kada dillali ya ɗumama ta kafin ka iso.

Ko wacce aka ɗauka, a yi lissafin kaya. GS Adventure kilo 217 aka yarje mata ta ɗauka gaba ɗaya. Maigida 85, uwargida 70, huluna da jaket 10, akwatuna uku babu komai ciki 15, saura 37 kawai na kaya da ruwan sha. Buhun albasa na tsaraba ba ya cikin lissafin. Masu nauyi su sauka akwatunan gefe daidai wa daida, na sama a bar shi da marasa nauyi, in ba haka ba gaba ya yi sakayau ya fara rawa a kan gudu. A ƙara ƙarfin shokazoba ta baya kafin a tashi, kuma a sake saita fitila, domin nauyin baya yana ɗaga ta sama. Iskar taya a GS, a ma'aunin PSI, 36 ce a gaba, 42 a baya, a auna da asuba kafin taya ta ɗau zafi. Idan mai faci ya auna da rana ya ce ta yi yawa, kada a rage. A tashi bayan sallar asuba, a huta duk awa ɗaya da rabi, a sauka kafin magariba, kuma a tambayi direbobin tasha halin hanyar da dokar babura ta jihohin da za a ratsa, don wasu wurare a Zamfara da Katsina sun sha taƙaita zirga-zirgarsu.