Gargaɗi kan masu tallar maganin dajin kaluluwar ciki ta waya

Na rubuta wannan ne saboda abin da ya sami ɗan yayata mai shekara 9, kuma saboda har yau mutumin da ya cuce mu yana nan yana talla a Facebook da TikTok, yana cewa yana narkar da ƙarin ciki cikin kwana 21 ba allura ba tiyata. Ba zan kama sunansa ba, domin irinsa suna da yawa kuma salonsu ɗaya ne.

Yaron ya fara ne da kumburin ciki da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ga gumin dare har sai an sauya masa riga, ga rama, kuma loma biyu zai yi ya ce ya ƙoshi. Hoton ciki ya nuna cewa kaluluwar da ke kewaye da hanji ta kumbura, sai likita ya ce dole a ɗebi ɗan nama daga wurin a duba a ɗakin gwaji, domin tarin fuka na ciki ma yana kawo irin wannan kumburi, kuma hoto kaɗai ba ya raba shi da ciwon dajin da ake kira limfoma. Maganar yanka ta tsorata Yaya, a nan ne wata maƙwabciya ta ba ta lambar mai maganin.

Takardar hoton kawai aka tura masa ta WhatsApp. Ba a yi minti goma ba ya aiko da saƙon murya: "Hajiya, kada ki yarda su taɓa yaron nan da ƙarfe, daji in ya ji ƙarfe bazuwa yake yi." Ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya, a asusun da sunan da ke kansa ba nasa ba ne, sannan ya ba direban tasha jarkoki biyu na wani baƙin ruwa mai ɗaci, da farin gari yana kwance a ƙasansu.

Abin da ya sa nake kiran wannan damfara mai haɗari shi ne, maganin ya yi kamar yana aiki. Cikin mako guda cikin ya saɓe, yaron ya koma cin abinci, kumatunsa suka ciko, har ni ma na yi wa mutumin addu'a, aka kuma tura kuɗin zagaye na biyu. A mako na biyar kumburin ya dawo ya fi na da, ga amai. Da muka koma asibiti da kunya, wata likita ta dubi fuskar yaron, ta girgiza jarkar, ta ce tana kyautata zaton an daka ƙwayar dezametason a ciki, wato irin wadda ake kira sha ka fashe a kasuwa. Ta bayyana mana cewa wannan rukunin magani yana rage girman limfoma na ɗan lokaci, shi ya sa ma likitoci ke haɗa irinsa cikin magungunan cutar, amma shi kaɗai ba ya kawar da ita, kuma yana iya rikita sakamakon gwajin nama har a rasa gane nau'in dajin.

Gwajin ya nuna limfomar Burkitt, wadda likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ta fi kama yara a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana fitowa a muƙamuƙi ko a ciki, kuma tana cikin cututtukan daji mafi saurin girma, domin ƙarin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Duk da haka tana jin allurar daji sosai idan an fara da wuri, saboda haka makonni biyar ɗin da muka yi muna ɗura masa ruwan jarka sun fi kuɗin da muka yi asara zafi.

Game da lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da masu tallar suke nunawa, rajistar maganin gargajiya tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba ta zama shaidar cewa yana warkar da daji ba, balle lambar da aka rubuta da biro a jikin jarka.

Wanda ya riga ya ba mara lafiyarsa irin wannan haɗi, kada ya ɓoye wa likita, kuma kada ya yanke shi rana ɗaya da kansa, domin barin irin wannan ƙwaya farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da nasa haɗarin. Ya ɗauki jarkar ya tafi da ita sashen cututtukan jini ko na yara a asibitin koyarwa mafi kusa. Namu yaron yana zagaye na biyu na allura, mai maganin kuwa ya toshe lambar Yaya tun ranar da ta ambaci kalmar asibiti.