Sharhina kan Lisinopril: abin da za ka faɗa wa likita kafin ka haɗiyi ƙwayar farko

Likita ya ɗora ni a kan Lisinopril, miligiram 10 sau ɗaya a rana, saboda hawan jini. Maganin yana aiki, jinina ya sauka, kuma ƙwaya ɗaya a rana ba ta da wuyar kiyayewa. Sai dai ba irin maganin da za ka karɓa a hannun wani ba ne don kawai shi ya ji daɗinsa.

Kafin likita ya rubuta min, sai da aka ɗebi jinina aka duba lafiyar ƙoda da yawan sinadarin fotasiyam, aka maimaita bayan na fara sha. Maganin yana sa jiki ya riƙe fotasiyam, idan kuma ya taru yana rikita bugun zuciya. Shi ya sa ya hana ni gishirin nan da ake sayarwa a madadin na gargajiya, domin yawancinsa fotasiyam ne. Ya kuma tambaye ni me nake sha in jikina na ciwo. Ashe Ibuprofen da Diclofenac suna rage ƙarfin maganin, suna wahalar da ƙoda. Na ji daɗin wannan tambayar ƙwarai, don mutane da yawa ba sa lissafa su cikin magungunan da suke sha.

Mace mai ciki ba ta shan sa, yana cutar da ɗan tayi. Wanda leɓensa, harshensa ko fuskarsa ta taɓa kumbura haka kawai, ya faɗa wa likita tun farko. Wannan kumburin ya fi samun baƙar fata, kuma in ya taso bayan an fara sha, asibiti za a nufa nan take, don yana iya toshe numfashi.

Ni abin da na gani shi ne jiri a kwanakin farko idan na miƙe da sauri, sai na koyi zama a bakin gado tukuna. Daga baya busasshen tari ya zo, maƙogwaro na ƙaiƙayi, musamman da dare. Ban daina sha da kaina ba, na koma wurin likita. Ya ce sanannen abu ne ga wannan rukunin magani, in ya hana ni barci zai mayar da ni kan Losartan, wani maganin hawan jini na daban.