Wasiƙa daga Jamus: Awon Magani Mai Danƙo

Malam, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Kun tambaye ni ko kayan aikin nan sun fi namu. Sikelin da ke gabana yana karanta har miligiram 0.1, daidai da wanda kuka koya mana awo a kansa. Inda suka yi mana nisa shi ne iskar ɗakin.

Yawancin abin da ke biyowa ta hannuna garin magani ne wanda ƙwayoyinsa ba su jeru a tsari irin na gishiri ba, an cuɗa shi da sinadarin povidone don ya yi saurin narkewa a cikin mutum. Shi kuwa povidone mayen laima ne. Ka buɗe kwalba gari washar-washar, kafin ka juya ya sha danshi ya koma kamar ƙaro, ya manne wa cokali, ya manne wa takardar awo, lambar sikeli kuma tana ta hawa saboda ruwan da yake zuƙa. Na tuna yadda muke kankarewa muna cewa ai kaɗan ne ya saura. Wallahi kaɗan ɗin nan yana damuna har yau, domin daga rabon mara lafiya aka rage shi.

A nan cikin akwatin gilashi mai safar hannu ake awon, an cika shi da busasshiyar iskar naitirojin. Cokulan an lulluɓe su da Teflon, wata roba mai santsi da ke hana abu mannewa. Idan abin ya ƙi niƙuwa, sai a sanyaya shi da ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi tauri ya farfashe. Mai duba sikeli ma yana zuwa kan lokaci da duwatsun awonsa da takardar shaida, mu kuwa a gida sai mu yi wata da watanni muna jiransa.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa sirinji kawai take bukata. A ɗura abin mai kauri a ciki a auna, a matso wanda ake so, a sake auna sirinjin. Tazarar awon biyu ita ce ainihin abin da ya fita, wanda ya maƙale a ciki bai shiga lissafi ba. Don Allah Malam, ku sa ɗalibai su gwada. Kwalbar garin kuma ta riƙa kwana a rufe tare da silika mai shanye danshi, idan an ciro ta daga firiji a bari sanyin ya sake ta kafin a buɗe, kada raɓa ta sauka a kai.

Ɗalibinku.