Gargaɗi ga masu hayar mota a ƙasashen waje: a yi hattara da tarar bogi

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ɗalibai da alhazai na Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena, wannan jan kunne ne game da wata damfara da ake yi wa mutanen da suka yi tafiya Turai ko ƙasashen Larabawa, suka ɗauki hayar mota a can, sannan suka dawo gida. Bayan makonni ko watanni da dawowa, sai saƙo ya shigo waya, ko ta WhatsApp ko ta imel, yawanci da Faransanci, ana cewa na'urar kan hanya ta kama motar da laifin gudu ko ƙetare jar danja, kuma idan ba a biya cikin kwana ɗaya ko biyu ba za a ninka kuɗin. A ƙasan saƙon akwai adireshin intanet da ake so mutum ya latsa. Wani lokaci kuma ba saƙo ba ne, mutum ne da kansa, mai magana da harshenmu, wanda zai ce yana da hanya a ofishin 'yan sandan can, zai iya sa a rage tarar zuwa rabi idan aka tura masa kuɗin ta Orange Money ko MTN MoMo, ko ta Airtel Money da Moov Money ga waɗanda ke Cadi.

Abin da ya sa wannan tarko yake kama har masu wayo shi ne, tarar gaskiya ma haka take zuwa a makare. Wanda ya yi tuƙi a ƙasar da bai saba da dokokinta ba yakan dawo da ɗan shakku a ransa cewa wataƙila ya yi wani kuskure bai sani ba, kuma wannan shakkun ne jarin ɗan damfara. Saboda haka maganin abin shi ne a san yadda tarar gaskiya take tafiya tun daga na'urar da ta ɗauki hoto har zuwa hannun direba.

Mu ɗauki Faransa, tun da nan ne mutanenmu suka fi zuwa a Turai. Hukumar da ke kula da tarar da na'urori suka kama ita ce ANTAI, wadda aka kafa a shekarar 2011, kuma cibiyar aikinta tana birnin Ren (Rennes). Na'ura lambar mota take ɗauka, ba ta san direba ba, don haka takardar farko tana zuwa wa mai motar ne, wato kamfanin haya. Daga nan kamfanin ko dai ya miƙa wa hukuma sunan wanda ya yi hayar da adireshinsa domin a sake rubuta takarda da sunansa, ko kuma, a wasu kamfanonin, ya biya tarar ya cire kuɗin daga katin bankin da aka ajiye lokacin ɗaukar mota. A kowane hali kamfanin yana cire wani kuɗi na daban, ladan aikin ofis, wanda aka rubuta a cikin yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu, ko da yake da yawanmu ba ma karanta waɗannan ƙananan rubuce-rubuce a gaban kantar kamfanin, ga gajiyar jirgi ga layi a baya. Wannan ladan ba shi ne tarar ba. Wasu suna ganin an cire musu kuɗi su ɗauka magana ta ƙare, sai daga baya takardar hukuma ta zo. Wasu kuma, da suka ji cewa akwai biya na biyu, sai su miƙa shi ga duk wanda ya fara tambaya.

Kuɗin tara a Faransa ƙayyadadde ne, ba a ciniki. Wanda ya wuce ƙa'idar gudu da abin da bai kai kilomita 20 a awa ba, a hanyar da iyakarta ta haura kilomita 50, tararsa yuro 68 ce, tana sauka zuwa 45 idan ya biya da wuri, tana hawa zuwa 180 idan ya yi sakaci. Idan a cikin gari ne, inda iyaka ba ta wuce kilomita 50 ba, yuro 135 ce, da wuri 90, a makare 375, kuma haka kuɗin ƙetare jar danja yake. Tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, lissafin ba shi da wuya: yuro 135 kusan sefa 88,500 ke nan, yuro 375 kuma kusan sefa 246,000. Wa'adin ragi kwana 15 ne daga ranar da aka rubuta takardar, ko kwana 30 ga mai biya ta intanet. Wa'adin kuɗin asali kwana 45 ne, ko 60 ta intanet. Kuma doka ta ƙara wata ɗaya ga wanda aka aika wa takarda zuwa wata ƙasa. Duk wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma zai gane cewa saƙon da ke ba shi awa 24 ko 48 ba daga hukuma ya fito ba, domin babu wa'adi mai gajarta haka a tsarin.

Hukumar ANTAI da kanta ta sha sanar da jama'a cewa ba ta aika saƙon waya tana neman a biya tarar da aka makara, kuma ba ta tambayar lambar katin banki ta saƙo ko ta imel. Inda ake biya shi ne amendes.gouv.fr, tarar rashin biyan kuɗin ajiye mota kuma, wadda aka ba ta tsari na daban tun 1 ga Janairun 2018, ana biyanta a stationnement.gouv.fr. A shafin gaskiya lambar biya da ke jikin takardar ake fara nema, sai shafin ya nuna kuɗin da ke kanta. Shafin bogi ba ruwansa da wannan lamba: suna, ranar haihuwa, adireshi da lambar waya yake fara karɓa, sannan ya wuce ga kati. An yi masa ado da tutar Faransa da tambarin gwamnati yadda ido ba zai bambance ba, amma adireshinsa yana tona shi, domin ko da an cusa kalmomin "antai" ko "amendes" ko "gouv" a ciki, ƙarshen sunan shafin ba ya zama .gouv.fr. A ƙaramin fuskar waya adireshi ba ya fitowa duka, shi ya sa ya fi kyau mutum ya rubuta shi da hannunsa maimakon ya latsa abin da aka turo masa.

Kuɗin da shafin bogi yake nema sau da yawa ba shi da yawa, kamar yuro 35, wato kusan sefa 23,000, kuma da gangan aka yi shi haka, domin mutum ya ce bari ya biya ya huta. Ba wannan kuɗin ne abin nemansu ba, bayanan katin suke so. Bayan kwana kaɗan sai wani ya kira da murya mai natsuwa, ya ce shi ma'aikacin banki ne, sun lura ana ƙoƙarin satar kuɗi daga asusun, kuma domin a tare ɓarawon sai a karanto masa lambobin da za su shigo waya yanzu. Yana da sunan mutum, yana da lambar katinsa, to ta yaya ba za a yarda da shi ba? Alhali waɗannan lambobi su ne izinin da banki yake jira kafin ya saki kuɗi. A wannan kira na biyu ne ake kwashe jarin ɗan kasuwa, kuma idan ya je banki da kuka za a nuna masa cewa shi da kansa ya amince da cirewar.

Dillalin gida kuwa, a ganina, ya fi saƙon waya haɗari a wajenmu, domin yana shigowa ne ta ƙofar mutunci. Zai gaida mutum da Alhaji, ya ambaci sunan wani da suka sani tare, ya nuna ya san lokacin da aka yi tafiyar, abin da ba shi da wuyar sani tun da muna sa hotunanmu a Facebook muna jingine da motar haya, lambarta a fili. Sannan ya kawo maganar da ya san tana tsorata kowa, wato biza: idan ba a biya ba, in ji shi, sunanka zai shiga baƙin littafi, ba Faransa, ba Umara. Ofishin jakadanci ba ya karɓar tarar hanya ta lambar wayar wani mutum, kuma baitulmalin wata ƙasa ba shi da asusun Orange Money a Garwa. Babu kuma wani mai zama a Marwa ko Njamena da ke da ikon goge laifi daga kwamfutar 'yan sandan wata ƙasa.

Wasu daga cikin waɗannan dillalai ma suna biyan tarar da gaske, kuma nan ne abin ya fi muni. A shekarar 2025 'yan sandan Dubai sun sanar da kama wani gungu da ke tallar ragin tara har zuwa kashi 70 cikin 100 a kafofin sada zumunta. Dabararsu ita ce su biya cikakkiyar tarar da katin banki na sata, su nuna wa mai laifin cewa an share bashinsa, shi kuma ya ba su nasu kason a hannu. 'Yan sandan sun yi gargaɗi cewa wanda ya shiga wannan ciniki yana sane, shi ma abokin laifi ne. Mutum ya fita neman rangwame a kan tarar gudu, ya wayi gari sunansa yana haɗe da katin sata a ƙasar da yake zuwa sarin kaya.

A Dubai ɗin dai tsarin a bayyane yake: kamfanin haya yana riƙe kuɗin ajiya na wasu makonni bayan an mayar da mota, ya cire tara da kuɗin Salik, wato ƙofofin biyan kuɗin hanya, daga ciki, kuma ana iya duba laifin da ke kan mota a manhajar 'yan sandan Dubai. A Saudiyya na'urorin Saher ne suke kama laifi, ana ganinsa a manhajar gwamnati ta Absher, ana biya ta tsarin SADAD. Ragin gaskiya, kamar na kashi 50 cikin 100 da Saudiyya ta fara a watan Afrilun 2024 a kan tsofaffin tarori, hukuma ce take sanar da shi ga kowa, yana kuma hawa kan kuɗin da kansa ba tare da ɗan tsakani ba. Italiya ita ce ta fi rikita baƙi, saboda unguwannin tsakiyar gari da ake kira ZTL, inda kyamara ke ɗaukar duk motar da ta shiga ba izini. Doka ta ba hukuma har kwana 360 ta sanar da mazaunin ƙasar waje, don haka takardar da ta zo bayan wata goma tana iya zama ta gaske, kuma wanda ya biya cikin kwana biyar da karɓarta ana rage masa kashi 30 cikin 100 a yawancin laifuffuka.

Kada wani ya fahimci wannan gargaɗi da cewa a yi watsi da kowace takarda. Tarar gaskiya tana ƙaruwa idan aka bar ta, kuma matsalarmu a nan ita ce yawancinmu ba mu da adireshin da wasiƙa za ta same mu a gida, sai akwatin gidan waya, wani lokaci ma na wani ɗan'uwa ne da ba ya buɗe shi sai jifa-jifa. Hanyar tantancewa ita ce a koma ga takardar yarjejeniyar haya, a tuntuɓi kamfanin ta lamba ko imel ɗin da ke rubuce a jikinta, ba ta lambar da ta zo cikin saƙo ba, a nemi kwafin takardar laifin. Takardar gaskiya tana ɗauke da lambar motar, da rana, da lokaci, da wurin da abin ya faru, sai mutum ya gwada su da ranakun da motar take hannunsa. Saƙon bogi yawanci ba ya kawo waɗannan bayanai, domin mai aika shi bai san su ba. Dubban mutane yake tura wa iri ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa hawa jirgi ba. A Faransa ana iya neman hoton da na'ura ta ɗauka, ana kuma iya ƙalubalantar tara a shafin antai.gouv.fr, sai dai a tuna cewa biyan tara a dokarsu amincewa da laifi ne, ba a ƙalubalanta bayan an biya.

Akwai kuma al'adarmu ta kara, inda ɗan'uwan da ke zaune a can yake ɗaukar mota da sunansa da katinsa ya miƙa wa baƙo makulli. Duk laifin da aka yi da motar a kansa zai faɗa, shi za a rage wa maki a lasin tuƙi idan bai bayyana direban ba, kuma 'yan damfara suna amfani da wannan ma, su aiko saƙo da wata sabuwar lamba kamar daga ɗan'uwan ne, yana cewa tara ta zo, a turo kuɗi da gaggawa. A kira tsohuwar lambarsa a ji muryarsa kafin a tura ko sisi.

Wanda ya riga ya shigar da bayanan katinsa a irin wannan shafi, kada kunya ta hana shi motsi. Ya kira bankinsa nan take ta lambar da ke bayan katin a toshe shi, kuma ya sa a ransa cewa kira na biyu yana nan tafe. Wanda ya tura kuɗi ta waya ya garzaya ofishin kamfanin sadarwar da lambar shaidar turawa, domin damar tsayar da kuɗin tana nan ne kafin a cire su. Kada a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu tare da lambar da ta aiko su, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. A Kamaru dokar 21 ga Disamban 2010 a kan tsaron intanet ta tanadi hukunci ga irin waɗannan laifuffuka, kuma hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ANTIC, tana karɓar rahotonsu. A Cadi hukumar tsaron intanet, ANSICE, ce ke da wannan aiki. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu shirya tafiyar Umara kuma su riƙa faɗa wa mutanensu tun kafin tashi cewa su adana takardar hayar mota da rasidin mayar da ita aƙalla shekara guda bayan dawowa.